Bebiya a Layin Beirut

Ya shigo da ita rungume a ƙirji
kamar mai kai ɗan fari asibiti,
ya ajiye ta tsakanin wayoyi da ƙusoshi,
ya ce, "Tana gani, tana rubutu,
magana ce kawai ta daina."

Shekara goma sha ɗaya a layin Beirut
sun koya mini a fara laluben aljihu
kafin a ce an yi sata.
Na duba ɗan lasifikar ƙasan allo,
ko an sa masa takunkumi ba a sani ba.
A buɗe yake, har ɗari.
Na bi waya da yatsa zuwa baya,
ko ta faɗa ramin makirfo ta bar koren rami.
Tana ɗakinta.
Na zare, na soka nawa abin kunne.
Shiru,
irin shirun Kantin Kwari da tsakar dare.

Na sauke direba, na ɗora sabo.
Direba sabo, mota ba ta tashi ba.
Ana cikin haka aka ɗauke wuta,
Nafi'u ya ja janareta sau bakwai yana zaginta,
layi duk ya ɗauki ƙara,
ita kaɗai ta ƙi cewa uffan.

Na ce, "Malam Tasi'u, me ke ciki haka?
Kawo wayarka in tura maka, ka ji a can,
ka huta da kashe kuɗi."
Ya girgiza kai.
"A gabanta Inna ta zauna ta yi maganar.
Daga bakinta nake so in ji."
Ban sake tambaya ba.

Ƙusa huɗu, murfi ya zame.
Yanar gizo, ɓawon ƙwan tsaka,
da ƙwayar gyaɗa guda, Allah kaɗai ya san hanyarta.
Na ciro katin sauti a hankali,
na goge haƙoransa na zinariya da magogin fensir,
na sauya masa gurbi, na danna ya zauna.
Shiru dai.

Sai da na haska tocila na gan ta:
'yar kafasita, ba ta kai ƙwayar wake ba,
ta kumbura, ta yi hawaye ruwan ƙasa,
ta bushe a kan hawayenta.
Wannan ce ta riƙe muryar mutum.

Ƙarƙashin teburina akwai maƙabarta,
kuma a sana'armu gawa tana ba da aro.
Na ciro 'yar'uwarta daga wani mataccen allo,
dalma ta narke, hayaƙi ya shigar mini ido.
Shi ne hujjata, in an tambaya.

Na kunna.
Da fari wani huci, kamar ruwan sama a kan kwano.
Sai tari.
Tarin tsohuwa, sau biyu.
"Kai Tasi'u, ka kunna? Yana ɗauka?
To me zan ce ma?"
Ta yi dariya,
can bayanta zakara ya yi cara a wani gida na Yakasai
da rana ta faɗi a kansa shekara shida da suka wuce.

Malam Tasi'u ya kama gefen tebur.
Nafi'u ya fita ba wanda ya aike shi.

Na karɓi kuɗin dalma da na mai,
ya rungume ta ya tsallaka titi.
Na daɗe ina jujjuya matacciyar kafasitar a tafin hannu,
sannan na lalubo lambar tawa tsohuwar a Gwammaja.
Ta ɗauka a bugu na biyar.
"Mudassiru? Da tsakar rana?
Wa ya rasu?"
Na ce babu kowa, Gwaggo.
Yi magana kawai,
ina gwada sauti ne.